Nauyin Rahma

Mariya ta zura hannu ɗaya ƙarƙashin gwiwoyin 'yarta Rahma, ɗayan ta bayan kafaɗunta, ta yi bismilla ta ɗaga. Ta gama yi mata wanka a kan kujerar roba, saura ta mayar da ita gado kafin sanyin safiya ya shige ta. Tana tsakanin kujera da gado wani abu ya ce ƙas a tsakiyar bayanta, kamar an taka busasshen kara. Numfashinta ya ɗauke. Ba ta saki ba. Ta ja ƙafa, ta dangana gwiwa da ƙarfen gadon, ta sauke Rahma a kan katifa, sannan ta zame ƙasa ta kifa goshi a gefen zanin gado.

"Mama," in ji Rahma. "Mama, na ji ƙarar. Bayanki ne."

"Gadon ne."

"Kunnena yana kan kafaɗarki. Ba gado ba ne."

Zafin ya ɗaure Mariya kamar igiya, daga baya ya zagayo har ƙarƙashin haƙarƙari. Rahma tana kwance jiƙe, ba zani, ba ta da ikon jawo bargon da ke kusa da hannunta. Sai ta ɗaga murya tana kiran Barakat, matar da ke ɗinki a ɗakin da ke kallon nasu.

Fiye da shekara goma ke nan Rahma tana wannan gado. Tana shekarar ƙarshe a kwalejin horar da malamai motarsu ta kife a hanyar Bauci, suna dawowa daga bikin wata ƙawarta. Wuyanta ya taɓu. Kanta lafiya lau, bakinta ma haka, amma daga ƙirji zuwa ƙasa babu motsi, hannuwan kuma sai ɗan abin da ba a rasa ba. Da farko su biyu suke ɗaukarta, Mariya da mijinta Malam Jika. Bayan gobarar kasuwar Taminus ta cinye shagonsa na yadi, hawan jini ya kwantar da shi, bai daɗe ba ya rasu. Ɗansu Jabir direban babbar mota ne, yana kai dankali da kabeji Fatakwal, sai ya yi makonni bai kwana a Jos ba. Tun daga nan ɗauka ta zama ta Mariya ita kaɗai: wanka, fo, juyi daga wannan gefe zuwa wancan don kada fata ta ɓare.

Barakat ta shigo da gudu-gudu, tana riƙe da ƙasan cikinta da ya kusa haihuwa. Ta rufe Rahma da bargo tukuna, sannan ta durƙusa da ƙyar kusa da Mariya.

"Maman Jabir, wannan ba na man zafi ba ne. Asibiti za ki je."

"In bar ta da wa?"

"Da ni mana. Ba zan iya ɗaga ta ba, amma ai ina da hannu, ina da baki. Tashi a hankali."

"Ki je, Mama," in ji Rahma, idonta a kan rufi. "Ba inda zan tafi."

Mijin Barakat ne ya samo tasi ya shigo da ita har ƙofar gida, a lungunsu na Kwararafa. Ana yayyafi tun asuba, garin ya yi duhu-duhu. Mariya ta zauna a gidan baya ta dafe kujera da hannu biyu. Duk ramin da motar ta faɗa sai ta ji shi a haƙoranta. A shingen sojoji direba ya tsaya ya buɗe but. Tun rikicin da aka yi a ƙarshen bara shingayen suke nan, mutane har sun daina kallonsu.

A asibiti ta yanki kati ta zauna a benci. Zaman ya fi tsayuwa ciwo, tsayuwar kuma ba ta yiwuwa. Aka tura ta ɗakin hoto, wani matashi ya ce ta hau tebur ta kwanta ta gefe, ta yi ta ƙoƙari har wata nas ta zo ta tallafa mata. Rana ta yi tsaka kafin a kira sunanta.

Likitar mace ce, Dakta Sadiat Alabi, Bayerabiya haihuwar Jos, Hausarta ba gargada. Ta ɗaga hoton ta fuskar taga ta daɗe tana dubawa.

"Mama, faɗuwa kika yi?"

"A'a."

"Wani abu ya buge ki?"

"Ɗauka na yi."

"Me kika ɗauka? Buhu?"

"'Yata."

Likitar ta sauke hoton ta dube ta. Mariya ta yi mata bayani a taƙaice, yadda ta saba yi wa baƙi, ba tare da ta nemi tausayi ba. Dakta Sadiat ta saurara ba ta katse ta ba, sannan ta jawo kujerarta kusa.

"Yaushe jinin al'ada ya ɗauke miki?"

Mariya ta sunkuyar da kai. "Ya daɗe. Shekarar gobarar kasuwa ne, ko kafin nan da kaɗan."

"Kin lura kin rage tsawo?"

Ta lura. Zannuwanta sun fara jan ƙasa, ta ɗauka ɗaurin ne ya canza. Igiyar shanya da take kaiwa ba wahala, yanzu sai ta yi ɗage.

Likitar ta nuna mata hoton da bakin biro. "Ga ƙashin bayanki, gaɓa-gaɓa kamar an jera tubali. Kin ga wannan? Ya lotsa, shi ne na yau. Wannan na samansa da wancan ma sun lotsa, amma tsofaffi ne, sun daɗe. Ba ki ji ciwo ba a baya?"

"Ciwon baya ai kullum ne."

"To. Mace idan jini ya ɗauke mata, ƙashinta yakan fara zaizayewa daga ciki. Daga waje yana nan kamar lafiya, ciki kuwa ya zama kamar icen da gara ta ci. Na wasu a hankali yake tafiya. Naki ya yi sauri, ina so in san dalili. Jiya me kika ci?"

"Shayi da burodi."

"Da madara?"

"Madarar ta Rahma ce."

"Da rana fa?"

"Na jiƙa gari."

"Da dare?"

Mariya ta yi tunani. Ta dafa dankali da miya da kifi, ta ba Rahma a baki, ita kuma ta suɗe tukunya ta ƙara da sauran burodin safe. Ta faɗa haka. Likitar ta tambayi shekaranjiya, amsar ba ta bambanta ba. Ƙwai na Rahma, kifi na Rahma, tun ranar da wani likita ya ce mai kwanciya in ba ta cin mai kyau gyambo zai kama ta. Gyambo kuwa bai taɓa kama Rahma a hannunta ba. Wannan ta faɗe shi da ɗan ƙarfi.

"Na yarda, Mama. Kina fita rana?"

"Ina zan je? 'Yan magi da gishirin da nake sayarwa ma a bakin ƙofar ɗaki suke."

"Wane magani kike sha?"

Mariya ta kwance bakin mayafinta ta zube su a tebur. Kafso ja da rawaya, da wani ƙullin leda mai ƙwayoyi kala-kala, farare da shuɗi da ruwan hoda. Livinus mai kemis na bakin titinsu ne yake haɗa mata. Kafson na ciki ne, don cikinta ba ya zama lafiya, yau kumburi gobe gudawa. Ƙullin kuwa na gajiya ne, in ta sha da safe sai ta ji za ta iya aikin yini.

"Tun yaushe?"

"Tun rasuwar maigidana."

Dakta Sadiat ta ware wata 'yar farar ƙwaya da farce ta tura ta gefe.

"Wannan ita ke sa ki jin ƙarfi, ita ce kuma take cin ƙashi. Ba za ki yanke ta rana ɗaya ba, akwai hatsari, zan rubuta miki yadda za ki riƙa ragewa. Kafson nan kuwa, Mama, a cikin hanjin kowa akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani. Ba duka ne na cuta ba, da yawansu aiki suke yi mana, suna taya ciki narka abinci, suna tsare shi daga masu cutar. Kafso ba ya tambaya, kashewa yake yi gaba ɗaya. Kin sha don gudawa, ya share masu amfanin, gudawar ta dawo, kin sake sha. Ɗan abin da kika ci ma bai zauna ba balle ya kai ga ƙashi."

"Ni na ɗauka wanke cikin yake yi."

"Ya wanke shi fiye da kima."

Ta jawo takarda ta fara rubutu tana magana. Maganin ciwo, ƙwayar ƙarin sinadarin ƙashi, da bel mai faɗi na ɗaure baya. Ta ce a daina kafso sai in likita ya rubuta. Ta ce nono mai tsami kullum, ko da ludayi ɗaya ne, yana da abin da ƙashi yake so, yana kuma taimaka wa ciki ya dawo daidai. Wake, zogale, rama, kuka, riɗi, daddawa, da ƙananan kifi busassu da ake ci har da ƙayarsu. Da zama a rana da hantsi. Mariya tana ta gyaɗa kai. Ba abin da aka ambata da ba ta sani ba, da su aka raine ta.

"In na yi duk wannan, ƙashin zai dawo?"

Likitar ta ajiye biro. "Ba zan yi miki ƙarya ba. Wanda ya lotsa ya lotsa. Abin da muke nema shi ne kada saura su bi shi. Abinci yana aiki, amma a hankali, shekaru yake ɗauka. Abin da zai cece ki yanzu guda ɗaya ne. Kada ki sake ɗaukar abu mai nauyi. Ko bokitin ruwa."

"Rahma fa?"

"Musamman Rahma."

"Likita, ba ta iya juyawa da kanta."

"Na sani. Mutum biyu za su riƙa juya ta, da zani a ƙarƙashinta, kowa ya kama gefe. Kuma kada ki zama ɗaya daga cikin biyun, aƙalla sai wannan ya warke. Mama, ki saurare ni da kyau. In kika ci gaba, wata gaɓar za ta karye, ko ƙugu. In ƙugu ne, ke ma kwanciya za ki yi. Kuma ba ya faɗa miki ranar. Zai iya zuwa tana hannunki, ku faɗi tare, ita da wuyan da ya riga ya taɓu."

Mariya ta tattara ƙwayoyinta za ta mayar bakin mayafi. Likitar ta ɗora hannu a kan kafson, ta bar mata sauran.

"Ba kowa a gida? 'Yan'uwa?"

"Akwai Allah."

"Akwai Shi," in ji Dakta Sadiat a hankali. Ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, sai nas ta leƙo ta ce mutane sun yi yawa a waje.

A baranda Mariya tana bin bango, wata mata mai shuɗiyar rigar masu shara ta jingine tsintsiya ta tsaya tana kallonta.

"Maman Jabir? Ke ne? Yesu! Me ya lanƙwasa ki haka?"

Suzana ce. Shekaru suna gida ɗaya a Kwararafa, ɗaki da ɗaki, kafin rikicin farko ya sa ta kwashe yaranta ta koma Anguwan Rukuba. A watannin farko na kwanciyar Rahma, in Malam Jika yana kasuwa, Suzana ce take kama ƙafafu, Mariya ta kama kafaɗu. Suzana ta zaunar da Mariya a benci, ta karɓi takardar ta je ta bi layin magani da kanta. Bel ɗin babu shi a asibitin, aka ce sai a shagunan cikin gari. Da ta dawo Mariya ta faɗa mata abin da likita ta ce.

Suzana ta riƙe haɓa. "Kai. Kai, kai. Da ina wurin, ai da ba a kai nan ba."

"Ba za ki iya leƙo mu ba? Ko da safe kawai, kafin ki zo aiki. Wankan ne mai wuya."

Ba ta taɓa roƙon kowa ba a kan Rahma, sai da maganar ta fita ta ji nauyinta. Suzana ta dubi ƙasa.

"Maman Jabir, tun abin da ya faru bara, ɗana Pam ya hana ni bin wajen ku. Ya ce in na sake shiga, shi zai bar min gida. Kin san abin da ya gani da idonsa. Ni ba na tsoron ki, kin sani. Amma hanya ne." Ta share ido da bayan hannu. "Bari abu ya kwanta. Zan zo. Ki gaishe min da Rahma, ki ce Mama Suzana yana yi mata addu'a."

"Za ta ji."

Suzana ta raka ta har bakin titi, ta tsayar da tasi, ta ce wa direba ya bi a hankali, maman nan ba ta da lafiya.

Mariya ta sauka a Taminus. Ginin kasuwar yana nan tsaye yadda wuta ta bar shi, baƙi, ba rufi, 'yan kasuwa sun baza kaya a kewayensa ƙarƙashin lema da leda. Ba ta kalli ɓangaren da shagon Malam Jika yake ba. Ta sami wata Bafulatana a rakuɓe a gindin wani shago tana gudun yayyafi, ta sayi nono aka ƙulla mata a leda. Ta sayi ƙananan kifi busassu da ɗaurin zogale. Bel ɗin ta tambaya a shago ɗaya, ta ji kuɗin, ta yi godiya ta fito. 'Yar ledar da ke hannunta ba ta kai nauyin komai ba, amma kafin ta isa gida sai da ta tsaya ta huta a jikin katanga ba sau ɗaya ba.

La'asar ta wuce lokacin da ta ɗaga labulen ɗakinsu. Barakat tana zaune a bakin gado tana yi wa wata riga kalmasa da hannu. Ta ce ta ba Rahma kunu, ta canza mata zanin da ya jiƙe iya inda ta iya jawowa, amma juyi ya gagare ta. Tun safe ke nan Rahma tana kwance a kan baya.

"Me suka ce?" in ji Rahma.

"Sanyi ne ya shiga ƙashi. Sun ba ni magani."

Mariya ta ajiye leda ta matso. Ta cusa hannu ƙarƙashin ƙugun Rahma yadda ta saba, ta ce Barakat ta tura kafaɗa kawai. Ta ja. Zafin ya haska mata har ido, ƙara ta kuɓuce mata kafin ta kama bakinta. Suka dai samu Rahma ta koma gefe, aka tokare ta da filo. Mariya ta ɗaga rigar ta duba. A ƙasan bayan, inda ƙashi ya fi tsini, fatar ta yi ja, faɗin tafin hannu. Ta danna da yatsa, jan bai washe ba. Ta shafa man kaɗanya ta sauke rigar ba ta yi magana ba.

Ta ari wayar Barakat ta fita tsakar gida, ta zauna a kan turmi ƙarƙashin rumfar kwano. Jabir ya ɗauka, ƙarar injina tana tashi a bayansa. Ya ce suna wajen Lokoja, mota ta lalace, suna jiran makanike. Don ya ji ta sai da ta ɗaga murya. Ta gaya masa komai, hoton, gaɓoɓin da suka lotsa, abincin da aka ce ta ci, da maganar ɗauka.

"Inna lillahi," in ji Jabir. "Mama, tun yaushe nake ce miki ki bar shan ƙwayoyin mutumin nan?"

"Ba wannan na kira ka ka faɗa min ba."

"Yi haƙuri. To yanzu ya za a yi? In na ajiye motar nan oga zai ba wani, kin san layi ake yi. In na zauna a gida me za mu ci?"

"Ban ce ka zauna ba."

"Ko a samo yarinya?"

"Yarinya ba ta ɗaga Rahma. Babbar mace kuwa albashi take so, kuma mutum biyu aka ce."

Ana ta buga ƙarfe a bayan Jabir. "To a kai ta wurin Gwaggo a Wase. Gidan da mutane. Na ɗan lokaci, har ki warke."

"Wancan karon da na je jinyar kakarku, mako nawa Rahma ta yi a hannunsu? Ka manta yadda na same ta? Har ƙashi ana gani. Wata nawa na yi ina wanke ramin gyambon nan?"

"Ban manta ba, Mama. Amma in kika karye ku biyu za a kai."

Mariya ta rufe ido. Ruwa yana ɗiga daga bakin kwano yana faɗawa cikin wata tsohuwar roba.

"Zan turo abin da ya samu," in ji Jabir. "In na dawo sai mu zauna. Ki daure kada ki ɗaga ta kafin nan."

"Yaushe za ka dawo?"

"Sai yadda mota ta yi."

Katin wayar ya ƙare. Ta mayar wa Barakat wayarta. Barakat ta ce mijinta zai iya taimakawa da daddare in ya dawo, in Rahma ba za ta ji kunya ba. Dukansu sun san za ta ji, kuma wanka da fo ba aikin namijin maƙwabta ba ne. Ita kanta Barakat uwarta tana hanya daga Ogbomosho, za ta tafi da ita can ta haihu.

Mariya ta hura gawayi a zaune. Ta yi miyar zogale da ƙuli, ta zuba kifin, ta ɗumama tuwon masarar da Barakat ta kawo. Duk abin da yake buƙatar sunkuyo sai ta sauka a kan gwiwa. Ta juye nonon a kofi ta rufe. Kafin magariba ta shiga ɗaki da kwano, ta jawo kujera kusa da gado, ta tsince kifin ta tara a gefe ɗaya. Ta gutsuro tuwo ta dangwala, ta ɗora kifi a kai, ta kai bakin Rahma.

Rahma ba ta buɗe baki ba.

"Ya huce, na taɓa."

"Nonon da kika sayo, ki sha tukuna."

"Naki ne. Da suga zan sa miki."

"Mama, taga a buɗe take. Duk abin da kika faɗa wa Yaya na ji."

Mariya ta sauke hannunta.

"Ki sha ina gani."

Ta ɗauko kofin ta sha. Tsamin ya kama mata muƙamuƙi, rabonta da nono har ta manta. Ta shanye ta nuna mata gindin kofin kamar yarinya. Sannan ta sake ɗaga lomar. Rahma ta karɓa, ta tauna, ta haɗiye. Ta karɓi ta biyu. A ta uku ta kawar da kai wajen bango.

"Ya isa."

"Me ya isa? Tun kunun rana fa."

"Ya ishe ni. Daga yau iya abin da zan riƙa ci ke nan. Ruwa ma ki rage min."

"Rahma, wace irin magana ce wannan?"

"Wase ba zan je ba. Yaya ba zai bar mota ba. Anti Barakat za ta tafi. Gobe da safe ke za ki ɗaga ni, jibi ma ke ce, ko likita ta ce me. Na san ki." Muryarta ba ta rawa, kamar ta gama lissafin tun tana kwance ita kaɗai. "Ba abin da zan iya ɗauke miki, Mama. Hannu ba ni da shi, ƙafa ba ni da ita. Nauyin nan kaɗai ne nawa. Shi zan rage."

"Haramun ne. Kashe kai ne."

"Ban ce zan daina ci ba. Ragewa na ce."

"In kika rame fatar za ta ɓare. Ta ma fara ja, na gani ɗazu."

"Na sani. Na ji shirun da kika yi."

Mariya ta yi lallashi. Ta yi faɗa. Ta haɗa ta da Allah, ta haɗa ta da kabarin ubanta. Ta kai lomar har kan leɓenta, miya ta gangaro ta gefen baki, ta goge da bakin zani. Rahma ta datse haƙora ta rufe ido. Abu ɗaya ke nan a jikinta da yake bin umarninta, kuma Mariya ta san kafiyarta tun tana goye.

Aka kira salla a masallacin bakin layi. Ba wuta, ɗakin ya fara duhu. Mariya tana zaune da kwano a cinya, bayanta yana zuga, ba ta san yadda za ta miƙe ta yi alwala ba, balle yadda za ta yi da safe.

Rahma ta buɗe ido. "Kada ya lalace. Ki ci."

"Ba na jin yunwa."

"In kin ci, gobe zan ƙara loma ɗaya."

Mariya ta dube ta. Ta san ciniki ne da ba za ta ci riba ba, amma ba a yi mata tayin wani ba. Ta sa hannu a kwanon. Ta ci tuwon, ta ci ganyen. Ta ɗauki kifi ɗaya ta fara zare ƙayar da farce, yadda ta saba yi in za ta ba Rahma.

"Har da ƙayar, Mama. Haka likita ta ce."

Mariya ta sa shi a baki gaba ɗaya. Ta tauna, ƙayar tana ƙaras-ƙaras tsakanin haƙoranta, Rahma tana kallon bakinta har ta haɗiye.